Kundin gyaran firigon Mushe

Idan watan Afrilu ya kama a Damagaram, iskar da ke ratsa Birni da Zango ta kan zama kamar hucin maƙera, ma'aunin zafi ya haye digiri 42, wata rana ma ya wuce nan. A irin waɗannan kwanaki ne a ke sanin darajar abin nan da ke tsaye a kusurwar ɗaki yana ƙugi a hankali, wato firigo, wanda ƴan uwa na tsallaken iyaka ke kira firji. Ga mai hali, kayan jin daɗi ne kurum. Ga ƙaramin ma'aikacin gwamnati kuwa, wanda uwargidansa ke ƙulla ruwa a leda tana sayar da ƙanƙara, firigo albashi ne na biyu, kuma an yi shekarun da shi ne ma na farko. Saboda haka ranar da ya yi shiru, kuɗin cefane ne su ka yi shiru tare da shi.

Akwai wani tsohon malamin lakkol a wannan gari wanda har yau, shekaru da dama bayan ya aje alli, ba a kiransa da wani suna in ba Mushe ba. A ƙarshen shekarar 1993 ya tattara ɗan abin da ya tara, Hajiya ta ƙara masa da kuɗin adashinta, ya sayi firigo na hannu wajen wani ɗan kasuwa, irin waɗanda a ke saukewa daga jirgin ruwa a Kwatano, a ɗora su bisa manyan motoci su shigo ta Gaya. Fari ne, mai ƙofa biyu, ƙaramar ta sama ta ɗakin ƙanƙara ce, kuma ya riga ya yi wasu shekaru yana aiki a gidan wani Bature da ba wanda ya sani. Ko wata biyu ba a yi ba, ranar 12 ga Janairun 1994, aka karya darajar kuɗin sefa: faran ɗaya na Faransa, wanda ke daidai da sefa 50, ya koma sefa 100. Duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tsalle. Ga shi kuma zamani ne da albashi ke kwana watanni a hanya kafin ya iso hannun mai shi. Mushe ya zauna ya yi lissafi irin wanda ya ke koya wa yara, ya ga cewa in wannan firigo ya mutu, to babu ranar sayen wani. Sai ya ɗauko kaye guda, irin na ƴan lakkol, ya ja layuka da rula: ranar da abu ya faru, alamar da aka gani, abin da aka canza, kuɗin da aka kashe, da hannun da ya yi aikin. Wannan kaye na nan har yanzu, takardunsa sun yi ja, kuma wanda ya karanta shi daga farko zuwa ƙarshe zai ga inda hannun mai gida ke iya kaiwa, da inda ya wajaba ya janye shi.

Abu na farko da ya rubuta ba ma gyara ba ne. Wata ƴar takarda ce ya gani manne a bangon ciki, kusa da kwandon kayan miya, mai ɗauke da lambobi da harafin N. Sai daga baya wani abokinsa mai koyar da kimiyya a lise ya warware masa. Masu ƙera firigo sun kasa shi aji-aji bisa ga zafin ƙasar da zai zauna. Aji N an yi shi ne domin ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, aji ST ya kai 38, aji T kuwa, na ƙasashe masu zafi, ya kai 43. Ashe dokin da Mushe ya saya an haife shi ne domin sanyin Turai, aka kawo shi sukuwa a bazarar Damagaram, inda ɗaki mai rufin kwano ke wuce 32 tun hantsi. Ƴan kasuwa da yawa da ke shigo da waɗannan kaya ba su taɓa duba wannan harafi ba, masu saye kuma ba su san da shi ba, alhali kuwa shi ne rabin labarin kowane firigo da ke kasa daskarar da ruwa a watan Mayu, ya kuma dawo garau da zarar damina ta sauka.

Ya kamata mai karatu ya san yadda abin ke aiki, don daga rashin sanin nan ne a ke cin kuɗin mutane. A ƙasan firigo ta baya akwai wani baƙin tulu na ƙarfe, shi ne injin, masu gyara na ce masa kwamfaresa. Aikinsa ya matse gaz ya tura shi cikin ragar bututun da ke bayan firigo, inda gaz ɗin ke zubar da zafinsa ya koma ruwa-ruwa. Daga nan ya ratsa wata ƴar matata, ya shiga bututu siriri kamar tsinken tsintsiya, ya faɗa ɗakin ƙanƙara, inda ya ke sake zama iska yana zuƙe zafin duk abin da aka aje a ciki. Sai ya koma wa injin, a sake zagayowa. Hanyar a toshe ta ke ta ko'ina, kuma ba a ƙona gaz ɗin kamar yadda mota ke ƙona mai. In dai babu inda ya ke yoyo, gaz ɗin da aka zuba a masana'anta zai yi shekara talatin yana kewayawa bai ragu ba.

Mushe bai san haka ba a 1995, sa'ad da firigon ya fara yin shiru a karon farko. Ya kan yi wata ƴar ƙara, ƙas, ya yi gurnani na ɗan lokaci, ya sake yin ƙas, ya mutu. Bayan ƴan mintoci ya maimaita. Aka kira wani mai gyara, ya zo da kwalbar gaz a bayan babur, ko durƙusawa bai yi ba ya ce gaz ya ƙare. Kuɗin da ya faɗa sun kusa rabin albashin da ba a ma biya ba. Hajiya, wadda ledojin ruwanta ke narkewa a gabanta, ta ce: "Malam, a ba shi mana, in ya so na ranto." Mushe ya ce a dakata zuwa gobe. Washegari ya tafi wajen wani dattijo da ya yi aikin sanyi shekaru da yawa, ya kwatanta masa ƙarar da bakinsa. Dattijon ya yi dariya ya ce: "Mushe, koma gida ka zare waya daga bango. A gefen injin akwai wani ɗan murfi baƙi, ka ɓalle shi, ka zaro abin da ke ciki ka girgiza a kunnenka. In ka ji yana kacau-kacau kamar caki, to ka kawo mini shi."

Abin da ya zaro shi ne rele, ɗan abu da bai kai akwatin ashana ba. Shi ke ba injin ƙarfin tashi na daƙiƙar farko, sannan ya janye. A cikinsa akwai wani ɗan faifai kamar kwabo, wanda zafi da yawan tashi ke farfasawa, shi ne mai kacau-kacau ɗin. Kusa da shi kuma akwai abokin aikinsa, klikson, mai yanke wuta idan injin ya yi zafi fiye da kima, kuma shi ne mai yin ƙas ɗin nan da a ke ji. Dattijon ya buɗe wani gwangwanin madara cike da irinsu, ya zaɓo wanda lambarsa ta dace, ya karɓi kuɗin da bai kai na kaza guda ba. Kafin la'asar firigon na ƙugi. A kayen, ƙarƙashin wannan rana, Mushe ya rubuta da jan biro, ya kuma ja layi biyu: wanda ya ce gaz ya ƙare, a tambaye shi ta ina ya fita.

Wannan tambaya ta isa ta raba mai gyara na gaskiya da mai neman na goro. Na gaskiya zai shafa ruwan sabulu a mahaɗan bututu ya nemi inda ke kumfa, ya liƙe wurin, ya canza matata, ya zuƙe iskar da ta shiga, sannan ya zuba gaz gwargwadon awon da aka rubuta a takardar firigon. Ɗayan kuwa zai zuba kawai ya karɓi kuɗi, bayan wata biyu a sake kiransa, ya sake zubawa. Ba a cewa duk masu wannan sana'a haka su ke. Da yawansu mutanen kirki ne masu cin guminsu, kuma su ne su ka fi kowa jin haushin masu ɓata musu suna.

Daga shekarar nan kayen ya cika da hannun Mushe kansa. Robar ƙofa ce ta fi yawan fitowa. Ita ce ke hana zafin ɗaki shiga, kuma a ƙasar da iska ke busar da fatar mutum ma, roba ba ta daɗewa ba ta taurare ta tsage ba. Gwajinta ba ya bukatar kayan aiki: a sa takardar jikka a bakin ƙofa a rufe, a ja, in ta zare ba tare da turjiya ba, sanyi na fita ta nan, injin kuma na aiki dare da rana don cike gurbin abin da ke zuba. Wani lokaci wanki da ruwan ɗumi da sabulu ya isa ya dawo da laushinta. Da ta ƙi, ya auna tsawo da faɗi, ya sa aka yanko masa wata, ya jiƙa ta a ruwan zafi ta miƙe, ya sa da hannunsa. Sai ƙura. Kowace shekara, idan hunturu ya wuce, ya kan janyo firigon ya share ragar baya da tsohon buroshi, don ragar da ƙura ta lulluɓe kamar mutum ne da aka rufa wa bargo a bazara aka ce ya yi gudu. Ya bar tazarar kamar santimita 10 tsakaninsa da bango, ya kuma raba shi da tagar da rana ke dukan ta da yamma. Ranar da ruwa ya taru ƙarƙashin kwandon kayan miya, Hajiya ta ɗauka wani babban abu ne, ashe ƴar kafar da ruwa ke bi ya fita ce ɓawon albasa ya toshe. Tsinke da ruwan ɗumi su ka gama aikin. Ƙwan fitilar ciki ma ya samu layinsa, sau huɗu.

Tarmosta ta ɗan fi waɗannan wuya, amma ita ma ya canza ta da kansa a 2002, bayan ya zana yadda wayoyinta su ke a kayen kafin ya cire ko ɗaya. Ita ce maɓallin nan mai lambobi, wadda ke kashe injin idan sanyi ya isa, ta tada shi idan ya ragu. Akwai wata dabara da ta yaɗu tsakanin masu sayar da ƙanƙara: idan tarmosta ta mutu, sai a haɗe wayoyinta biyu kai tsaye, injin ya yi ta aiki ba hutu. Ƙanƙara kam za ta yi tauri. Amma kwantar wuta za ta yi ta gudu kamar an kore ta, injin kuma da aka hana numfashi ba ya kai shekarun da aka yi masa. An ba Mushe wannan shawara, har da cewa kowa haka ya ke yi. Ya ce shi bai taɓa ganin jakin da aka hana kwanciya ya kai tsufa ba.

Doka ɗaya ce bai taɓa karyawa ba: kafin ya taɓa komi, sai ya zare waya daga bango, ya kuma sa ta inda idonsa ke ganinta. Kuran ɗin gida bolt 220 ne, firigo kuma ƙarfe ne da ke tsaye bisa siminti mai danshi.

Shafin da ya fi kowane baƙin ciki na shekarar 1999 ne. Ƙanƙara ta yi kauri a ɗakin sama har ledoji ba sa shiga, wata yarinya da ke taya Hajiya aiki ta ga za ta taimaka, ta ɗauko wuƙar yankan albasa tana sassaƙa. Sai aka ji fuuu. Bangon ɗakin ƙanƙara gwangwani ne marar kauri, hanyoyin gaz na cikin jikinsa, tsinin wuƙa ɗaya ya isa. Da an kashe firigon an sa kwanon ruwan zafi a ciki an rufe, da cikin rabin awa ƙanƙarar ta saki da kanta. Mushe ya tsaya ya dubi hujin, wanda bai fi ƙwayar gero ba, ya ga cewa nan iyakarsa ta ke. Ya kashe firigon nan take don kada injin ya zuƙi ruwa ta hujin, ya aika aka kira dattijon. Kwana tara gidan ba ƙanƙara, masu saye su ka koma maƙwabta, wasunsu ba su dawo ba sai da shekara ta juyo. Yarinyar ta wuni tana kuka a bayan ɗaki, Hajiya ce ta je ta ɗago ta, ta ce: "Tashi ƴata, ba ki sani ba ne, mu ma ba mu faɗa miki ba."

Duk abin da ke bayan bututu, wato gaz da walda da cikin injin, Mushe ya bar wa masu shi, kuma shekaru sun nuna yana da hujja. Firigonsa ya zo ne da gaz ɗin da a ke kira R12, wanda aka gano yana cin rigar iskar ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai ƙona fata. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta yanke masa hukunci, ƙasashe masu tasowa kuma aka ba su wa'adi zuwa 1 ga Janairun 2010. Da injin asali ya ƙone a 2011, bayan shekara 18 a hannun Mushe ban da waɗanda ya yi a Turai, sai aka sa masa wani mai aiki da R134a, aka wanke bututun, aka canza matata, domin man da ke cikin injin kowane gaz daban ne, ba sa haɗuwa. Yawancin firigon gida da aka ƙera a shekarun baya-bayan nan kuwa da R600a su ke zuwa. Wannan ɗan uwan gaz ɗin girki ne, yana kama wuta, shi ya sa a ke manna hoton harshen wuta a jikin injinsa. Ƴan gram kaɗan a ke zubawa, da awo, kuma wanda ya kai wutar walda kusa da bututun da bai fitar da shi sarai ba, garin neman gira zai rasa ido. Akwai ma masu ɗura gaz ɗin kwalbar girki a firigon mutane don araha. Mai gidan da ya ga an shigo masa da irin wannan kwalba, ya sallami mai ita tun daga zaure.

Sai maganar inda a ke samun kayan gyaran, wadda ita ce ciwon kan kowa. Babu kantin da mutum zai shiga a Damagaram ko Maraɗi ko Tawa ya faɗi sunan firigonsa a miƙo masa robar da masana'antar ta yi domin shi. Abin da ke akwai iri biyu ne. Akwai sababbi masu araha, waɗanda fatake ke ɗaukowa daga Sabon Garin Kano, wasu na kirki, wasu kuwa kwalinsu ya fi abin da ke ciki daraja. Akwai kuma na cire-cire, waɗanda a ke ɓalla daga matattun firigo, irin waɗanda ke jibge a kasuwar Katako ta Yamai da rumfunan masu gyara na kowane gari. Mushe ya fi amincewa da na biyun a kan rele da klikson, don ya ce wanda ya yi shekara goma yana aiki ya riga ya ba da shaidar kansa. A kan roba kuwa sabuwa kawai, tsohuwar roba ba ta da sauran amfani. Kuma bai taɓa zuwa kasuwa hannu sake ba. Ya kan riƙe mataccen abin a aljihu, da lambar injin a rubuce, don rele ɗin da ya yi kama da naka a ido yana iya zama na injin da ya fi naka girma, ya tashe shi yau ya ƙone shi jibi.

A Turai, tun 1 ga Maris na 2021, doka ta tilasta wa masu ƙera firigo su aje kayan gyara kamar tarmosta har shekara 7 bayan sun daina sayar da samfurin, robar ƙofa kuwa har shekara 10. Doka ce mai kyau ga waɗanda aka yi ta dominsu. Sai dai firigon da ke isowa nan a bayan babbar mota sau da yawa ya riga ya cinye waɗannan shekaru tun can, ya zo ƙasar da ba wanda ya yi mata alkawarin komi.

Wuta ita ma tana da shafukanta a kayen. Abin da ya fi kashe injin shi ne wutar da ta ɗauke ta dawo nan take, da wadda ta zo da rauni, fitila na ja kamar garwashi. Injin da aka kashe yana bukatar kamar minti biyar kafin matsin gaz ɗin da ke cikinsa ya daidaita. In aka tada shi kafin nan, sai ya yi ta yunƙuri yana zafi bai juya ba. Don haka a gidan Mushe, da an ɗauke wuta, yaron da ya fi kusa ya san aikinsa: ya zare wayar firigo, kuma ba a maida ita sai wuta ta dawo ta zauna. Daga baya ya sayi regilater mai jinkirta tashi, yara su ka huta. Amma babu regilater ɗin da ke maganin wutar da babu ita. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da ta ke turowa, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar nan ke amfani da shi. Maraɗi da Damagaram kuwa a layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa su ke. Sai a watan Maris na 2024 aka maido ta. A watannin nan firigon lafiyarsa lau, ba abin da ya same shi, amma ƴan awoyin wutar da a ke samu ba sa isa ruwa ya daskare. Hajiya ta koma wa randa, ta kuma sa aka yi mata tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba, wani malami a jihar Jigawa, ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Tumatir da yalo sun kwana lafiya a ciki. Ƙanƙara kuwa randa ba ta yin ta, kuɗinta ma haka.

Akwai wata magana da ba ta yi wa Mushe daɗi, amma gaskiya ce, kuma ɗansa da ke aiki a Yamai ya sha faɗa masa ita. Tsohon firigo, komi kyawon gyaransa, yana cin wuta fiye da sabo nesa ba kusa ba, balle wanda aka yi domin digiri 32 aka aje shi a 40. Abin da aka tsimi a wajen mai gyara, ana biyansa kaɗan-kaɗan kowane wata a takardar wuta. Wannan dalili ne ya sa Gana ta hana shigo da firigo na hannu tun 2013. Mushe ya san lissafin, shi ya koya wa yaron lissafi. Amsarsa ita ce, kuɗin wuta ana biyansu ne da cinikin wata, kuɗin sabon firigo kuwa dunƙule a ke nemansu rana ɗaya, kuma bai taɓa riƙe irinsu a dunƙule ba. Duka biyun suna da gaskiya, shi ya sa gardamar ta yi shekaru ba ta mutu ba. Ɗan ya kan ƙara da zolaya: "Baba, wai me ya rage na firigon da ka saya? Injin ba shi ba ne, tarmosta ba ita ba ce, roba ta biyar ke nan." Mushe ya kan ce gatarin kakansa ma an canza masa ƙota sau uku, ruwa sau biyu, kuma har gobe gatarin kakansa ne.

A azumin 2024, wanda ya faɗo daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu, lokacin da kowa ke neman ƙanƙara kafin a sha ruwa, ɗan ya daina gardama, ya aiko da sabon firigo a mota. Mushe ya hana a kunna shi sai da ya wuni a tsaye, don man injin da hanya ta girgiza ya koma mazauninsa. Sannan ya sa tabarau ya nemi takardar ciki. Harafin T ne, ya gyaɗa kai. Ya zagaya baya, bai ga raga ba, an binne ta cikin bangon firigon. Ya durƙusa gefen injin yana neman ɗan baƙin murfin da ya saba ɓallewa, sai ya tarar da akwatin roba a rufe, cikinsa wani faranti kore mai ƙananan abubuwa kamar na cikin rediyo. Dattijon nan ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Yaron da ya koya a hannunsa, wanda shi ma yanzu furfura ta fara fito masa, shi ya zo ya duba. Ya ce: "Baba, wannan ba ya cin wuta, kuma zai yi sanyi ko a Mayu. Amma ba shi da rele. In farantin nan ya ƙone, ni da kai duk ɗaya mu ke, sai dai a aika Kano da lambarsa a jira, in an dace."

Hajiya ta yanke nata hukuncin ba tare da ta nemi shawarar kowa ba. Abinci da maganin da likita ya ce a aje a sanyi su ka koma sabon. Tsohon aka maida shi rumfar tsakar gida, ba a kunna shi sai bazara da azumi, domin ledojin ruwa kaɗai. Mushe ya cire regilater daga tsohon ya sa wa sabon, ya ce wanda ba a iya gyarawa shi ya fi bukatar tsaro, yara kuma su ka koma aikinsu na zare waya. A daren nan ya buɗe kayen, ya tsallake shafi guda, ya ja sababbin layuka da rula. Ya haska tocila a bayan sabon firigon, ya kwafe lambar farantin harafi bayan harafi, da awon gaz ɗin, da tsawo da faɗin robar ƙofofin biyu.